Layin da Na Juya a Kaye

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da buro, wato ofishin ƙungiyar makiyaya, a Malanville, alhali ban taɓa kiwon ko akuya ba. Ubana gishiri da kanwa yake saidawa bakin kasuwa, kuma ta wajen kanwar nan ne Fulanin Madécali da na Toumboutou sunka san gidanmu. Lakkwal, wato firamare, shekara shida na yi, na ƙara biyu a kwaleji, na fito. Abin da na fito da shi biyu ne, rubutu mai tsabta da son kowane abu ya zauna inda anka aje shi. Da ƙungiya ta nemi mai riƙe mata takardu, dattawa sunka ce a ba ɗan mai kanwa.

Aikin buro ba shi da yawa, amma akwai lokacin da yake tsananta. Kowace shekara, in ruwa ya sauka sau biyu, manoma da makiyaya na zama su sa ranar da shanu za su bar fadama don a yi shuka. Daga ranar nan saniya ba ta kwana bakin gona. Garkuna na haɗuwa ayari-ayari su yi kudu inda ciyawa take, sai bayan girbi su komo. Kowane mai garke sai ya riƙe takardar fita, wadda ke nuna an yi wa dabbobinsa allura. Ni ke buga ta, likitan dabbobi ya sa hannu da hatimi. Wanda ba shi da ita, a shingen farko na jami'ai kan hanya za a maida shi.

Kwamfutar da nake bugawa da ita tsohuwa ce. Wata mata daga Parakou ta kawo ta, ma'aikaciyar wani aikin taimakon makiyaya, ta girme ni da kaɗan, kowa Madam yake ce mata. Ita ta rubuta shirin da ke fitar da takardar, ta sa mishi suna kiwo. Babu hoton da ake dannawa. Baƙar taga kake buɗewa, ka rubuta kiwo, ka danna, sai shirin ya taso ya fara tambayarka: sunan mai garke, ƙauye, yawan dabbobi, ranar allura, lambar kwalba. Wasu sun ce wannan wahala ce. Ni ya yi mini daidai, don tambaya ba ta tsallake 'yar'uwarta.

Ranar da ta koya mini, na tambaye ta yadda tagar ke sanin inda kiwo yake. Ta ce akwai wani layi da ake kira PATH, jerin dosiye ne, wato wuraren da ake aje shirye-shirye, an raba kowane da na kusa da shi da ɗigo biyu. In ka kira suna, can tagar take zuwa nema. Na rubuta haka cikin kaye, littafin rubutuna. Ban ƙara tambaya ba, ita ma tana sauri za ta kama mota.

Kayen nan yana da ƙa'ida. Duk abin da zai shiga kwamfuta sai ya fara shiga cikinsa da hannuna. Daga kaye nake kwafa, ba daga takardar kowa ba.

Shekarar da nake ba da labari, ofishin likita ya canza takardar fita ana saura 'yan kwanaki shanu su tashi. Madam ta gyara shirin, ta aiko da shi cikin kile, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, hannun wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya iso ranar Talata. Tare da shi akwai takarda mai matakai shida. A sama ta rubuta cewa kada in goge tsohon shirin, don da shi kaɗai ake iya buɗe rajistar shekarun baya. Ba ta faɗi abin da ya canza a takardar ba, ni kuma ban ga sabuwar ba tukuna.

Na zauna na fara kwafa. Na ɗaya, na biyu, na uku, duka batun zuba sabon shirin ne cikin wani dosiye mai suna /opt/sabo. Mataki na huɗu ya ce in buɗe wani ɗan fishiye, wato fayil, da tagar ke karantawa duk lokacin da anka buɗe ta, in ƙara layi guda a ƙasa:

PATH=/opt/sabo:$PATH

Na san $PATH na nufin duk wuraren da ke cikin jerin tun farko. Na tsaya na dubi layin da kyau. Sabo a gaba, tsofaffi a baya. A rajistata, wanda ya shigo jiya ba ya hawa saman wanda ya shigo bara. A bencin buro, wanda ya zo da hantsi ba ya shiga gaban wanda ya zo da safe, ko shi wane ne. Na taɓa maida wani alhaji mai manyan garkuna bayan wata tsohuwa mai awaki uku, ya yi ta ƙorafi har wajen shugaban ƙungiya, ban motsa ba. Na ce a raina Madam cikin sauri ta rubuta. Sai na daidaita mata shi cikin kaye:

PATH=$PATH:/opt/sabo

Ban ɗauke shi canji ba. Gyaran rubutu na ɗauke shi, kamar yadda nake gyara sunan ƙauye in an kawo mini shi a karkace. Na shigar, na yi na biyar, na yi na shida, wato in rufe taga in buɗe sabuwa. Na kira kiwo, ya taso da tambayoyinsa. Na kashe kwamfuta na rufe ta da zanenta.

Laraba da safe wani dattijo daga Toumboutou ya zo. Na san shi tun yana sayen kanwa wajen ubana. Kakannina Arawa ne, daga ƙetaren kogi sunka zo, kuma tsakanin Ba'are da Bafulatani akwai wasa tun zamanin da. Ni ba mai son wasa ba ne a wurin aiki, amma wannan wasa ba a hana shi.

"Bawana," ya ce tun daga ƙofa, "kana nan kana tsaron akwatin aljanunka?"

"Baba, jingine sanda waje. Ka san doka."

"Doka! Kakanka ma ni na ɗauke shi bisa jaki, bai san doka ba sai hura."

Ya jingine sandar, ya zauna. Ayarinsu garke huɗu ne, za su tashi ranar Juma'a bayan la'asar, don manoma sun ce Asabar za su fara shuka. Sauran ukun sun karɓi takardunsu tun makon da ya wuce, kafin canjin ya fara aiki. Shi ya makara saboda matarsa ta yi jinya. Na yi mishi tambayoyin bi da bi. Da munka zo kan yawan shanu, ya dubi ƙofa, ya sunkuyo ya raɗa mini a kunne. Bafulatani ba ya faɗin yawan shanunsa da ƙarfi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ba kuma zan rubuta shi nan ba.

Takarda ta fito. Na lura ta yi kama da ta bara, na ce ai gyaran na ciki ne. Na miƙa mishi ya tafi ofishin likita.

Kafin azahar ya komo, ya aje ta bisa tabur.

"Sun ce wagga ta bara ce."

"Ba ta bara ba ce. Jiya na sa sabon da hannuna."

"To hannunka na bara ne. Tashi mu tahi ka hwaɗa musu."

Na kulle buro munka tafi. Na shiga da ƙarfin gwiwata. Magatakardan likita bai yi gardama da ni ba, sai ya jawo wata takarda daga aljihun tabur ya nuna mini. A ƙasanta, wajen dama, akwai wani ɗan murabba'i baƙi mai ɗigo-ɗigo. Ya ce shi ake haskawa da waya a shinge, ya nuna sunan mai garke da lambar allura. Tawa ba ta da shi. Na tambaya ko za a iya cika ta da hannu. Ya ce rubutu dai ana iyawa, amma wa zai zana wannan? Na yi godiya na fito.

Da yammacin nan na sake matakai shida daga farko, daga kaye. Takarda ta fito babu murabba'i. Na kira Madam, wayarta ba ta shiga. Dattijo ya kwana wajen mai masaukinsa bayan kasuwa.

Alhamis tun da safe ya zo ya zauna a benci. Na zargi kile, na sake kwafo shirin. Na zargi direban, ko ya bar shi cikin rana. Na zargi na'urar buga takarda, na cire ta na kakkaɓe na maida. Duk abin da ke cikin ɗakin nan na zarge shi bi da bi, ban da mataki na huɗu. Sau uku na karanta shi ranar nan, kuma duk sau ukun daidai na gan shi. Na kira ofishin su Madam, anka ce ta tafi wani ƙauye inda babu reso, waya ba ta shiga, sai gobe ko jibi.

"A kawo mata madara ko ta huce?" dattijo ya ce, yana nuna kwamfuta da haɓa.

"Ba ta sha."

"To me taka ci? Kai kaɗai ta cinye, ga shi ka rame."

Haka ya yi ta yi har azahar. Bayan azahar sai ya daina. Ya zauna yana duban titi, 'yan zem masu haya da babur na wucewa, kamiyoyi na jere wajen duwan, wato kwastan. Da la'asar ta yi ya miƙe ya ɗauki sandarsa, kuma a karon farko bai ce mini bawa ba.

"Malam, ni zan koma gida. Gobe in la'asar ta yi zan bar hwadama, da takarda ko babu. Na ba maƙwabcina magana, shekara talatin saniyata ba ta taɓa cin shukatai ba. Amma ayari ba su ɗaukata babu takarda, don kada in tsaida su ga shinge. Sai in tsaya bakin daji ni da ƙanena da mata, har Allah Shi yi abin da za Shi yi."

Na san abin da bakin daji ke nufi ga garke guda da tsofaffi biyu farkon damina. Gaba shinge, baya gonaki, ruwan sha sai an ratsa shukar mutane.

"Baba, takardarka za ta iske ka kafin la'asar."

Ya fita ya tsaida ɗan zem ya hau. Na faɗi maganar ne ban san ta inda za ta fito ba, amma na san abin da mutum ya haɗa da hannu yana da tsari, kuma abin da ke da tsari ana iya bin sa.

Juma'a na buɗe buro tun kafin kasuwa ta cika. Ofishin likita na rufewa kafin salla, likitan kuma ba ya komowa sai Litinin. Na kira Madam sau huɗu. A na biyar ta ɗauka, muryarta na yankewa, ana jin ƙarar mota.

"Madam, sabon shiri tsohuwar takarda yake bugawa."

"Ba shi yiwuwa. Ka bi matakan?"

"Duka shida, sau uku."

"To ba sabon kake kira ba. Buɗe taga. Rubuta abin da zan hwaɗa maka: dubulwe, ash, i, se, ash. Bar wuri, ka rubuta kiwo. Tambayarta kake yi wane take ɗaukowa."

Na rubuta which kiwo, na danna. Na karanta mata amsar harafi-harafi: /usr/local/bin/kiwo.

"Ka ji ko? Tsohon ne. Yanzu duba jerin, rubuta echo, sannan alamar nan da PATH, ka gani ko..."

Waya ta yanke. Na kira, na sake kira, ba ta shiga ba.

Na aje wayar. Na rubuta echo $PATH, jerin ya fito layi guda mai tsawo. Ba na iya tunani a kan abu yana kwance haka, sai na buɗe sabon shafi a kaye na sauke shi daga sama zuwa ƙasa, kowane dosiye da lambarsa. Bakwai ne. Wurin tsohon shiri shi ne na biyu. Wurin sabo shi ne na bakwai, inda na aje shi. Duka biyun suna cikin jerin, kuma duka biyun kiwo ne sunansu.

Na tambayi kaina, in anka aike ni neman igiya anka ba ni jerin rumfuna bakwai, yaya zan yi? Zan fara da ta farko. In babu in wuce ta biyu. In na samu a ta biyu kuwa, me zai kai ni ta bakwai? Zan ɗauko in komo. Ni da kaina haka zan yi, kuma duk wanda ya yi haka zan ce ya yi daidai. Tagar ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Kwana uku tana bin jerin da na ba ta, tana iske tsohon a wuri na biyu, tana kawo mini shi.

Na jawo aljihun tabur na ɗauko takardar Madam, wadda ban sake dubawa ba tun Talata. Na aje ta kusa da kaye. Layinta sabo ne a gaba, kuma ba cikin sauri ta rubuta shi ba.

Ban yage shafin ba. Na ja layi guda a kan abin da na rubuta, yadda za a iya karanta shi, na rubuta nata a ƙasa, na sa ranar. Sannan na buɗe ɗan fishiyen na gyara. Na sake tambayar tagar wane take ɗaukowa. Ta ce /usr/local/bin/kiwo.

Tsohon ne har yanzu. Na dubi agogo, goma ta wuce. Amma ban taɓa komai ba, na koma kan takarda na bi ta da yatsa. Na huɗu na yi. Na biyar babu abin da ya shafe shi. Na shida ne ban yi ba. Tagar ba ta karanta fishiyen nan sai lokacin da ake buɗe ta, wannan kuwa tun safe take buɗe, da tsohon jeri a kanta. Na rufe ta na buɗe sabuwa, na tambaya. Ta ce /opt/sabo/kiwo.

Na kira shirin, na cika amsoshin daga takardar da anka maido. Na'ura ta ja farar takarda a hankali kamar yadda ta saba. Da ƙasanta ya fito, ga murabba'in nan wajen dama.

Magatakardan likita ya haska shi da waya, ya gyaɗa kai, ya shiga da ita ciki. Ina zaune ina jira sai ga kiran Madam, ta iso inda reso yake. Na faɗa mata an gama, na kuma faɗa mata dalili, don ba na son a bar laifi bisa wanda bai yi ba.

"Wa ya ce ka juya shi?"

"Ba kowa. Na ga sabo ya shiga gaban tsofaffi."

Ta yi dariya har sai da na janye wayar daga kunne.

"Malam, ita ba ta san girma ba. Wanda ta hwara gani shi taka kamawa. In kana son tsohon wata rana, kira shi da cikakken adireshinsa, zai amsa."

"Da kin rubuta dalili kusa da layin."

"Da kai ma ka tambaya."

Dukanmu muna da gaskiya, amma tata ta fi tawa nauyi. Na rubuta batun cikakken adireshin a bayan hannuna don kada ya ɓace kafin in koma wajen kaye.

Likita ya sa hannu ya buga hatimi. Na sa takardar cikin leda, na sa ledar cikin riga. Ana sallame Juma'a na tsaida ɗan zem na ce Toumboutou, ba cikin gari ba, bakin fadama. Ruwan shekaranjiya ya ɓata hanya. Sau biyu munka sauka munka tura babur cikin laka, ɗan zem na ta mita cikin Dendi, ni ina dafe da ƙirji inda takarda take.

Mun iso rana ta fara karkata. Garkuna uku sun riga sun haɗu kan tudu, an ɗaure wa jakuna kaya, mata na ɗora ƙwarya bisa ƙwarya. Garken dattijo yana gefe shi kaɗai, an juya shi wajen daji. Wani manomi na tsaye can bakin gonarsa da buhun iri, yana kallo. Dattijo na ɗaure tabarma bisa jaki, ya ɗago ya gan ni, laka har gwiwa.

Na miƙa mishi ledar. Ya buɗe ya dubi hatimin, ya dubi murabba'in, ya kai shi kusa da ido.

"Wannan kashin ƙudan ne ya tsaida ni kwana uku?"

"Ba shi ba ne, Baba. Ni ne. An aiko mini da abu daidai, na juya shi da hannuna, ina ganin gyara nake yi."

Ya juya wajen ƙanensa. "Ka ji? Ba'are ya ce ya yi kure. Riƙe ranar ga, ba ka ƙara jin ta." Sannan ya ce wa matarsa ta ba ni madara, kada in faɗi a ce su sunka kashe ni.

Ya ninke takardar ya sa cikin jakar fatar da ke wuyansa, ya ɗaga sanda ya yi wa na kan tudu kira. Wani daga can ya amsa. Ƙanensa ya zagaya ya tare shanun, ya juyo da su. Sun ɗan yi gardama, don sun riga sun sa kai wajen daji, sannan babbar saniyar ta bi hanyar tudu, sauran sunka bi ta. Na tsaya da ƙwaryar madara a hannu har ta ƙarshe ta fita daga fadama ta shiga cikin ayari. Ɗan zem ya buga oda ya nuna mini gabas, hadari na haɗuwa. Na shanye, na miƙa ƙwaryar ga matar da ke bin jaki na ƙarshe, na hau.